'Yarki Ta Iya Lissafi, To Ina Makinta Ke Zubewa?

Yau ina so mu yi magana a kan wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya duk shekara idan lokacin jarrabawar shiga sakandare ya ƙarato, wato yadda yara ke zubar da maki a lissafin da suka riga suka iya.

Akwai wata yarinya da na koyar a aji shida, kullum ita ce mai fara ɗaga hannu idan na rubuta tambaya a allo. Da muka yi gwaji da agogo sai ta faɗi. Na kira ta na karanta mata tambayoyin da ta ɓata ɗaya bayan ɗaya, ta amsa kusan duka daidai a tsaye. Amma a gida ba wanda ya ga wannan. Abin da mahaifinta ya gani shi ne jan biro, har ya fara cewa boko ba nata ba ne. To, 'yar'uwa, kin ga inda ganganci ke kai yarinya.

Jarrabawar shiga makarantun sakandare na gwamnatin tarayya, hukumar NECO ce ke shirya ta. Tambayoyin na zaɓi ne, yaro ya cike gurbin amsa da fensir, na'ura kuma ta duba. Na'ura ba ta san yarinya ta iya ba, gurbin da aka cike kaɗai take gani. Saboda haka ga abubuwa huɗu da za ki koya mata a gida, ko da ke ba ki yi boko mai zurfi ba.

Na farko, ta san abin da aka tambaye ta. Misali: an sayi lemo 6 a kan naira 50 kowane, an ba da naira 500, nawa ne canji? Yarinya ta lissafa ta sami 300, ta hango 300 cikin amsoshi, ta yi murna ta cike. Alhali amsar 200 ce. Masu shirya tambaya sun san wannan tarkon, da gangan suke ajiye shi. Ta ja layi a ƙarƙashin kalmar da ake nema, ta sake dubanta kafin ta cike.

Na biyu, ta riƙa kintace. Ke da kike sayar da ƙosai ko ƙuli-ƙuli, kafin ki ƙirga cinikin da aka kawo miki kin riga kin san kimaninsa, in ya gaza nan take za ki gane. Haka lissafi yake. In aka ce 48 sau 21, ta ce a ranta 50 sau 20 ai 1,000 ne. In ta jera lambobinta a karkace ta sami 144, kintacen zai gaya mata akwai gyara. Amsar 1,008 ce.

Na uku, ta gwada amsarta ta baya. An ce 305 a ɗebe 128. Mai gaggawa kan manta da aro ta rubuta 223. In ta tara 223 da 128 za ta ga 351, ba 305 ba. Amsar 177 ce. Ta kuma kula da ma'auni: kwabo 100 ke yin naira, amma minti 60 ke yin awa. Awa 2 da minti 15 a ɗebe minti 40, saura awa 1 da minti 35. Wadda ta ari 100 sai ta rubuta minti 75.

Na huɗu, ta san rabon lokacinta. In tambayoyi 40 ne a minti 60, kowace tana da minti ɗaya da rabi. Wadda ta gagare ta, ta yi mata alama ta wuce. Amma nan ga babban haɗari: in ta tsallake tambaya ta 12, sai ta tsallake layi na 12 a takardar amsa, in ba haka ba duk amsoshin da ke biye sun goce. Ta riƙa ɗora yatsa a kan lambar kafin ta cike.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan sallar la'asar, ki sauke mata talla da wanke-wanke na rabin awa, ki ajiye agogo, ta yi tambayoyi goma. Ki roƙi malaminta ko yayanta ya duba. Ki saya mata ƙaramin littafi ta riƙa rubuta irin kuskuren da ta yi, ko na aro ne, ko na karatun tambaya. Cikin 'yan makonni za ku ga kuskure biyu ko uku ne ke ta maimaita kansu. Kuma don Allah ban da duka da zagi, domin tsoro shi ke haifar da gaggawa.

Waccan yarinyar haka muka yi da mahaifiyarta, yanzu tana sakandare. Allah ya ba 'ya'yanmu sa'a, amin. Sai mako mai zuwa.