Darasin Bayoloji a Wayar Hannu: Wa Ke Cin Moriyarsa a Sabha?

A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantun Libiya, ma'aikatar ilimi ta koma watsa darussa ta talabijin. An sake buɗe azuzuwa daga baya, amma ɗaliban sakandare ba su saki bidiyo ba. A Sabha, babban birnin yankin Fezzan da ke fiye da kilomita 600 kudu da Tarabulus, dalilin ya girmi korona. Rikicin ƙabilanci na 2012 da na 2014 da na 2018 ya sha katse karatu, kuma ɗalibin da ya rasa makonni dole ya nemi inda zai cike giɓi kafin jarrabawar kammala sakandare.

Bayoloji, ilimin halittu, na cikin fannonin da suka fi dacewa da bidiyo, domin yawancin abin da ake koyarwa motsi ne. Malami zai zana rabuwar ƙwayar halitta a allo hawa huɗu, kowane zane a tsaye cik. A bidiyo kuwa ɗalibi na ganin zarurrukan gado suna jeruwa a tsakiya, suna rabuwa, ƙwaya ɗaya ta koma biyu. Haka zagayawar jini tsakanin zuciya da huhu. In bai gane ba ya mayar baya, ba mai yi masa tsawa.

Sai dai harshe ne ke raba rabo. Fitattun darussan, irin na Khan Academy da aka kafa a 2008 da Crash Course na Hank Green da ya fara a 2012, da Turanci aka yi su, alhali Libiya ta cire Turanci daga makarantunta a 1986, ya ɗauki shekaru kafin ya dawo. Dandalin Madrasa da Dubai ta buɗe a 2018 da bidiyo 5,000 na kimiyya da lissafi cikin Larabci ya rage matsalar, ko da yake ba bisa manhajar Libiya aka tsara shi ba. Yaron da iyayensa suka zo daga Agadas ko Damagaram nauyinsa ya fi na kowa: Hausa a gida, Larabci a aji, sannan Turanci na jiransa in ya samu shiga sashen likitanci na Jami'ar Sabha. Ga kuma ɗaukewar wuta da ta addabi kudancin ƙasar, wadda kan tafi da intanet ɗin kamfanonin wayar hannu na Libyana da Almadar.

Akwai illa mafi ɓoyuwa. Derek Muller, a binciken digirinsa na uku a Jami'ar Sidni a 2008, ya gano cewa ɗaliban fiziks da suka kalli bayani mai santsi sun fito da tabbacin sun gane, amma sakamakonsu bai ƙaru sosai ba. Waɗanda aka fara nuna wa kuskuren da aka saba yi, sannan aka warware shi, su ne suka fi ƙaruwa. Wannan ya kamata ya dami duk malamin bayoloji, domin ɗalibin da ya kalli rabuwar ƙwaya sau goma yana iya kasa zana ta a takardar jarrabawa, bai kuma taɓa ɗora ɓawon albasa a ƙarƙashin madubin ƙara girma ba. Malamin da ya tura bidiyo ta WhatsApp, gobe ya sa a rufe waya a zana abin da aka gani a yi masa bayani da baki, shi ne zai san wanda ya fahimta tun kafin ranar jarrabawa.