Kafin 'yan gwangwan su gama da jiragen alhazai

Daga Hotoro zuwa filin sukuwa tafiyar 'yan mintuna ce a adaidaita sahu, amma ba kowa ya san cewa a nan Kano jirgin sama ya fara sauka a Najeriya ba. A watan Nuwamba na 1925 jirage uku na sojojin saman Ingila suka taso daga Masar suka dira Kano. Garin da ke da wannan tarihi ya ci a ce yana da jirgi ko da ɗaya da ɗan makaranta zai shiga, ya zauna a kujerar matuƙi.

Kuma ba jiragen aka rasa ba. Kabo Air, kamfanin da marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa a 1980, ya yi shekara da shekaru yana jigilar alhazai da Boeing 747. Masu tafiya ta filin jirgin Malam Aminu Kano sun sha hango irin waɗannan ƙattin a gefe, rana ta cinye fentinsu.

Idan jirgi ya tsufa, injinansa ake fara kwancewa, don nan kuɗin yake. Gangar jikin kuwa yawancinta alminiyom ce, sai a yanka a sayar a kan sikeli. Haka hukumar kula da filayen jiragen sama, FAAN, ta sa aka yi wa tsofaffin jirage a Legas a 2013. Amma ba dole ne a yanka ba: a shekarar ce mutanen Ghana suka mai da jirgin DC-10 na Ghana Airways gidan cin abinci a Accra. A Ingila, wani 747 da aka ajiye a Dunsfold ya fito a fim ɗin Casino Royale na 2006.

Nan ne nake ganin 'yan Kannywood sun yi sake. Sukan kama hayar gida na gani na faɗa don ɗaukar fim, amma da jarumi ya tashi tafiya waje, sai a hasko jirgi daga nesa yana lulawa, shi ke nan.

Gaskiya ɗauke 747 sukutum ba wasa ba ne: faɗin fikafikansa ya kai wajen mita 60, babu titin Kano da zai bi. Sai dai mai fim ba fikafikai yake nema ba. Yanki guda na gangar, da tagoginsa da layuka goma na kujeru, ya ishe shi, masu yawon buɗe ido kuma su biya kuɗin shiga ranar da ba a ɗauka. Busasshiyar iskar Kano ma gata ce, domin a hamadar Arizona Amurka ke ajiye nata jiragen, gudun kada danshi ya ci su.