Tattalin Ruwa a Gida: Shawara ga Mutanen Diffa da Bakin Komadugu

Mai karatu, kowace safiya aikinku na farko yana buƙatar ruwa: alwala, wanke baki, wanka, dafa abinci. Wannan darasi zai bayyana inda ruwan Diffa yake fitowa, da dalilin da ya sa ya kamata a yi tattalinsa, da hanyoyin da kowane gida zai iya bi ba tare da kashe kuɗi ba.

Daga ina ruwanmu yake fitowa?

Jihar Diffa ƙasa ce mai ƙarancin ruwan sama. A garin Diffa, abin da ake samu a shekara bai wuce kimanin milimita 300 ba, kuma yawancinsa yana sauka ne tsakanin watan Yuli da na Satumba.

Kogin Komadugu daga Nijeriya yake tasowa. Kogin Haɗeja da na Jama'are ne suke haɗuwa su ba shi ruwa. Yana bi ta Gashuwa da Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Nijar da Nijeriya, ya wuce Diffa da Gaskeru, sannan ya faɗa Tabkin Cadi kusa da Bosso. Ba ya gudana duk shekara. Da rani yakan yanke, ya bar ƴan tafkuna. An gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, dukansu a jihar Kano, suna tare wani ɓangare na ruwan tun kafin ya iso nan. Shi ma Tabkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya ragu ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da na 1980.

Ruwan famfo da na rijiyoyi daga ƙarƙashin ƙasa ake ɗebo shi. Idan Komadugu ya cika, wani ruwan yana tsatsa cikin yashi ya ciyar da rijiyoyin da suke kusa da shi. Ruwan da yake can nesa ƙasa kuwa, wanda ake samu ta rijiyoyin burtsatse masu zurfi, ya daɗe ƙwarai yana taruwa, kuma ba ya komawa da sauri idan an ɗebe shi.

Me ya sa tattali ya zama dole?

Dalili na farko, masu sha sun ƙaru. Tun bayan hare-haren Fabrairu 2015 a Bosso da Diffa, mutane da yawa sun bar garuruwansu suka zauna a cikin gari da bakin babbar hanya. Famfon da a da gida goma suke ɗiba, yanzu gidaje masu yawa ne suke layi a kansa.

Na biyu, rashin ruwa mai tsabta yana kawo ciwo. A 2017 ciwon shawara da likitoci suke kira hepatitis E ya ɓarke a jihar Diffa. Ta gurɓataccen ruwa yake yaɗuwa, kuma ya fi yi wa mata masu ciki illa.

Na uku, cikar kogi ba ta nufin wadatar ruwan sha. A 2019 da 2022 Komadugu ya yi ambaliya, ya ci gidaje da gonakin tattasai da na shinkafa. Ruwan ambaliya yakan kwashi ƙazantar masai ya zuba a rijiya. A irin wannan lokaci ruwa yana ko'ina, amma na sha kaɗan ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya yake buƙata don sha da dahuwa da ɗan tsabta shi ne lita 20 a yini, wato bido ɗaya. Ku riƙe wannan adadi, za mu yi lissafi da shi.

Lissafin wanke baki

Ana son mutum ya goge haƙoransa minti biyu, sau biyu a yini. A ce famfonku yana zubo da lita 6 a minti ɗaya. Idan kun bar shi a buɗe kuna goge baki, lita 12 ta zube. Safe da dare, lita 24 ke nan. A gida mai mutum takwas, lita 192 ce a yini, kusan bido goma. Wannan ruwan zai ishi mutum tara buƙatarsu ta yini guda.

Alhali kofi ɗaya ya isa. Ku cika kofi, ku jiƙa buroshi, ku goge, ku kurkure baki da sauran. Mai amfani da aswaki ma ba ya buƙatar fiye da haka. Sai dai a lura: ruwan wanke baki ya zama irin wanda ake sha. Kada a ɗebo na kogi ko na kududdufi, domin abin da ya shiga baki yana iya shiga ciki.

Sauran ayyukan gida

1. Alwala. Ku yi ta da buta, kada ku yi ta a bakin famfo yana zuba. Malamai suna karantar da cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudu ɗaya na ruwa, abin da bai kai lita ɗaya ba.

2. Wanka. Bokiti da moɗa sun fi tattali. Mai shawa ya jiƙa jikinsa, ya rufe, ya shafa sabulu, sannan ya buɗe ya ɗauraye.

3. Wanke-wanke. A kankare sauran tuwo da miya daga kwanoni tukuna. A tanadi roba biyu, ɗaya ta sabulu, ɗaya ta ɗauraya. A fara da kofuna, a ƙare da tukwane.

4. Wanki. A tara kaya a wanke lokaci ɗaya. A fara da farare. Ruwan ɗauraya na ƙarshe yana iya zama na jiƙa kaya masu datti.

5. Babur da mota. Bokiti da tsumma sun wadatar. Tiyo yana cin ruwa mai yawa.

6. Ajiya. A rufe randa da bido. A rataye moɗa mai dogon hannu, kada yara su tsoma hannu. Ruwan da ya ƙazantu a randa zubar da shi ake yi, wannan ma asara ce.

Ruwa ɗaya, aiki biyu

Ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye da shi, da ruwan alwala, a tara su a bokiti a ba zogale ko dogon yaro. A yi bayi da sassafe ko da yamma, lokacin da rana ba za ta shanye shi ba. Ruwan wanki yana da amfani wajen yayyafa tsakar gida da wanke masai. Kada a zuba shi a kan salati ko wani ganyen da ake ci ɗanye. Ruwan da aka wanke kashin yaro da shi, masai za a kai shi kai tsaye. Kuma kada a bar ruwa ya kwana a buɗe kwanaki, domin sauro yana hayayyafa a ciki.

Famfo mai ɗiga

Hausawa suna cewa da yayyafi kogi kan cika. Famfon da yake ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yana iya zubar da kusan bido ɗaya a kwana. Sau da yawa ƴar roba ce ta cinye a ciki, kuma kuɗinta kaɗan ne. Ga yadda za ku gane ko bututu ya fashe a ƙasa: ku rufe dukan famfunan gida, ku rubuta lambar da take kan agogon ruwa, ku jira awa ɗaya, ku sake dubawa. Idan lambar ta canza, akwai inda ruwa yake zurarewa. Ku tuna, mita kubik ɗaya a takardar kuɗin ruwa lita 1,000 ce, wato bido 50. Idan kun ga bututu ya fashe a titi, ku sanar da kamfanin ruwa na ƙasa, NDE, wanda ya gaji SEEN a 2024, ko mai unguwa.

Inda ba a rowar ruwa

Kada tattali ya hana kowa shan ruwa isasshe, musamman yara da tsofaffi da mata masu ciki a lokacin zafi. Kada kuma a daina wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga masai, da kafin dahuwa, da kafin cin abinci. A rataye ƙaramin bido mai ɗan huji kusa da masai, a ajiye sabulu a gefe. Ruwa zai riƙa zubowa siriri, mutane da yawa su wanke hannu da lita kaɗan. Kada kowa ya tsoma hannu a kwano ɗaya.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Bido nawa gidanku yake amfani da shi a yini? Ku raba da yawan mutanen gidan.
2. Wane aiki ne ya fi cin ruwa a gidanku?
3. Ku tara kwalba mai lita ɗaya a bakin famfo, ku ƙidaya daƙiƙoƙin da take ɗauka kafin ta cika. Lita nawa ke nan a minti ɗaya?
4. Wace shawara ce za ku fara aiki da ita gobe da safe, kuma wa za ku koya wa?