Wayarka na sauraronka ne? Yadda talla ke gane abin da kake so

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba.

Tambayar yau daga Darna Sabon Gari ta fito, can Illela bakin iyaka. Wani mai sauraronmu da ke sayar da atamfa da shadda ya ce sau ɗaya ya duba farashin batirin sola a waya, sai ga shi mako guda cur Facebook ba ya nuna masa komai sai batir. Yana tambaya: shin wayar saurarensa take yi? Kuma shi ƙaramin ɗan kasuwa, ta ina zai ci moriyar wannan abu?

To Alhaji, bari mu fara daga kasuwarku ta ranar Lahadi. Ka san mai shagon da in Hajiya ta tunkaro daga Ƙonni, tun kafin ta zauna ya jawo turmi ya ce, "Ga ƙanwar wadda kinka saya da Ƙaramar Salla." Bai yi duba ba. Ya riƙe abin da ta saya, da kalar da ta ɗaga ta ajiye, da kuɗin da ta tsaya a kai. Abin da na'ura ke yi ke nan, sai dai ita mutum miliyoyi take riƙewa lokaci guda.

Kamfanin Amazon na Amurka ne ya shahara da wannan dabara tun wajajen 1998. Maimakon su tsaya neman wanda halinsa ya yi kama da naka, sai suka koma kan kayan: wane kaya ne aka saba saye tare da wane? In masu sayen batir da yawa sun haɗa da fanka, to duk wanda ya taɓa batir za a tura masa fanka. Na'urar ba ta san ana zafi a Sakkwato ba, ƙidaya kawai ta yi.

Yanzu abin ya wuce saye. A TikTok da Instagram, ko daƙiƙa nawa ka tsaya a kan bidiyo ana lissafawa, da wanda ka maimaita, da wanda ka tura wa abokinka. Sannan shagunan intanet da yawa suna liƙa wata 'yar manhaja a shafinsu, Meta Pixel, wadda ke sanar da Facebook cewa wannan wayar ta duba kaya kaza ba ta saya ba. Shi ya sa batirin nan ya biyo ka har gado.

Maganar saurare kuwa, Mark Zuckerberg ya musanta ta a gaban majalisar dattawan Amurka a watan Afrilun 2018. Ko ka yarda da shi ko kada ka yarda, ni dai a ganina ba su ma buƙatar kunne. Abin da yatsanka ke faɗa masu ya ishe su.

Amma fa na'urar nan tana da makanta, kuma a gari irin Illela makantar ta fi fitowa. Waya ta sani, ba mutum ba. Gidan da waya ɗaya ke yawo tsakanin maigida da uwargida da yara, wa za ta yi wa talla? Kuma da abin da ya wuce take auna na gaba. Da aka rufe iyaka a watan Agustan 2019, sai Disambar 2020 aka buɗe ta Illela. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Wane lissafi ne zai gaya maka cewa mai sayen kayanka tana nan da kuɗinta, hanya ce babu? Ko cewa sefa ta tashi, yau kayan naira sun yi wa mutanen Ƙonni araha? Wannan kai ka sani, tun da safe ka ji a bakin 'yan canji.

Saboda haka kafin ka biya Facebook kuɗin tura talla, fara da abin da ke hannunka. WhatsApp Business kyauta ne, tun 2018 yake. Akwai wurin jera hotunan kaya da farashi, akwai kuma alamar da za ka liƙa wa kowane mai saye: masu shadda, masu kayan lefe, masu sari, na tsallaken iyaka. In sabon kaya ya sauka daga Kantin Kwari, kada ka watsa wa kowa. Tura wa goma sha biyar ɗin da ka san irinsa suke nema, da saƙon murya, da sunan kowa. Ka lura, jerin watsa saƙo mutum 256 yake ɗauka, kuma wanda bai ajiye lambarka ba saƙon ba zai kai gare shi ba. Don haka duk wanda ya yi maka taransfa, ka roƙe shi ya ajiye lambar nan take. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane suka saba da biya ta waya, ciniki da yawa yanzu yana barin suna.

Sai dai a nan akwai amana. Lambar matar mutane da ka samu don aika mata kaya, ba taka ba ce da za ka jefa ta cikin guruf ko ka ba abokinka mai takalma. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, kuma a Yulin 2024 hukumar FCCPC ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasa. Kai ba wanda zai ci ka tarar dala, amma Hajiya za ta toshe lambarka, ta kuma faɗa wa ƙawayenta a gidan biki. Tambaye ta tukuna: "In sabo ya zo in turo maki?" In ta ce a'a, ka bar ta.

Mako mai zuwa za mu duba yadda ake gane alat na bogi kafin a saki kaya. A turo tambayoyi. Sai mun haɗu, in Allah ya kai mu.