Kare Tsuntsayen Ruwa a Fadamun Haɗeja da Nguru

Fadamun Haɗeja da Nguru, a jihohin Jigawa da Yobe, matattara ce ta tsuntsayen ruwa irin su ɗinya da kirinjijiya da gauraka. Maharba na kama su da tarko ko su harbe su da bindiga don nama da sayarwa. Gauraka kuwa da ranta ake nemanta, domin masu hali na ƙawata gidajensu da ita. Feshin da ake yi wa jan baki saboda ɓarnar hatsi shi ma yakan haɗa da tsuntsayen da ba ruwansu da gona.

An haramta farauta a dajin Dagona da ke Yobe, kuma a shekarar 2000 tafkin Nguru ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamun duniya. Sai dai fadamun na da faɗi, masu gadi kuwa ba su da yawa.