Jijjigar Jariri Sabon Haihuwa: Yadda Za Mu Gane Ta da Tanadin da Ya Kamata Mu Yi

Iyayena da 'yan uwana mata, darasin nan a kan jijjiga ne, wadda wasu ke kira taune-taune, idan ta kama jariri cikin kwana 28 na farko. Wata za ta ce me ya kawo zancen asibiti cikin littafin adashi? Dalili shi ne, sau da yawa abin da ke hana a kai jariri asibiti da wuri bai wuce rashin kuɗin mota da jiran izinin maigida ba. To, waɗannan biyun ƙungiya tana iya maganinsu tun kafin ranar ta zo.

Yaya jijjigar jariri take?

Ƙwaƙwalwa tana aika saƙo ga jiki ne ta hanyar wani ɗan lantarki marar ƙarfi. Idan lantarkin ya rikice ya taso gaba ɗaya, shi ne jijjiga. A jikin babban yaro kowa yana gane ta. Ta jariri kuwa sau da yawa a ɓoye take zuwa. Ki lura da waɗannan:

Ido ya kafe wuri ɗaya, ko ya juya gefe, ko ya riƙa ƙiftawa ba tsayawa.
Baki yana motsi kamar yana tsotso ko tauna alhali ba nono.
Ƙafafu suna juyawa kamar mai tuƙa keke.
Hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya na fizga a jere.
Jiki ya sanƙare, ko numfashi ya ɗauke har leɓe ya canza launi.

Akwai kuma karkarwa da jarirai da yawa ke yi idan sun firgita ko suna kuka. Ga yadda za ki bambanta: ki riƙe hannun ko ƙafar a hankali. In karkarwa ce za ta tsaya. In jijjiga ce, za ki ji tana ci gaba a cikin tafin hannunki.

Me ke kawo ta?

Babban dalili shi ne wahalar haihuwa. Idan naƙuda ta yi tsawo, jariri ya fito bai yi kuka nan take ba, ƙwaƙwalwarsa ta rasa iska, jijjiga takan biyo baya cikin kwana ɗaya zuwa uku. Sai ƙarancin sukari a jini, musamman ga bakwaini, da ƙaramin jariri, da wanda aka jinkirta ba shi nono. Shi ya sa zubar da dakashi asara ce: a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Sai ƙwayoyin cuta da ke shiga jini ko su kawo sanƙarau, da shawara mai tsanani wadda ta sauko har tafin hannu da na ƙafa. Ciwon sarƙe-haƙora, da ke shiga ta cibiya idan an yanke ta da reza marar tsabta, shi ma yana sanƙarar da jariri, kuma allurar rigakafin da ake yi wa mai ciki wurin awo tana kare shi.

Darasin da dalma ta koya mana

Mu mutanen yankin nan mun san jijjiga sani na baƙin ciki. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan Bukkuyum da Anka, da amai da jijjiga. Gwajin jini ya nuna gubar dalma ce, daga duwatsun zinare da ake daka ana niƙa cikin gidaje. 'Yargalma, Tungar Guru, Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza da Bagega duk abin ya shafe su, kuma yara fiye da 400 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa, ta Bagega sai a 2013, aka ba dubban yara maganin da ke fitar da dalma daga jini. Amma illar da ta riga ta yi wa ƙwaƙwalwa, maganin ba ya gyara ta.

Abin da ya shafi jarirai a nan shi ne, dalma tana zama cikin ƙashin mace shekaru, lokacin ciki ta koma jini, ta ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan tayi. Don haka kada a daka dutse cikin gida, kada a yi aikin abinci da turmin da aka daka shi, kuma mai aikin haƙa ya yi wanka ya canza kaya kafin ya shigo. In gidanku na harkar zinare, ki faɗa wa likita, domin gwajin jini ne ke nuna dalma.

Na'urar da ke ganin abin da ido ba ya gani

Akwai na'urar awon lantarkin ƙwaƙwalwa, wadda za ki ga likitoci na rubuta EEG. Wani likita Bajamushe, Hans Berger, shi ya fara gwada ta a kan mutum a 1924. Ana manna ƙananan wayoyi a fatar kan jariri, su ɗauko lantarkin su zana shi kamar igiyar ruwa a fuskar kwamfuta. Ba allura, ba zafi, kuma ba ta sa wa jariri wuta. Saurare kawai take yi.

Amfaninta uku ne. Na farko, jijjigar jarirai da yawa ba ta bayyana a jiki ko kaɗan, sai na'ura ke kama ta. Na biyu, bayan an ba da magani irin fenobabiton, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara da shi, fizgar jiki tana iya tsayawa alhali ƙwaƙwalwa na ci gaba da jijjiga. Na uku, tana haska abin da ke gaba: jaririn da zanensa ya daidaita tsakanin jijjiga, ko ya koma daidai da wuri, galibi yana girma lafiya. Wanda zanensa ya kwanta shiru na tsawon lokaci ya fi shiga haɗarin farfaɗiya, ko galahanga, ko jinkirin koyo. Hasashe ne dai, ba yanke hukunci ba.

A manyan asibitoci ake samun irin wannan awo. Kada ki ce sai kin kai can tukun. Ki fara da babban asibitin Anka, Gummi ko Bukkuyum, a duba sukari, a ba da maganin jijjiga da na ƙwayoyin cuta. In da buƙata, su za su tura ki Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Idan ta faru a gida

Ki kwantar da shi ta gefe, ki lulluɓe shi. Kada a ɗura masa ruwa, jiƙo ko man ja, yana iya sarƙewa. Kada a sa cokali a bakinsa, kada a yi masa hayaƙi. A lura da tsawon lokacin da ta ɗauka, in akwai waya mai kyamara a ɗauki bidiyo a nuna wa likita. A yi addu'a ana kan hanya. Ba a jiran suna, ba a jiran arba'in, ko da jijjigar ta lafa.

Bayan an sallame ku

Ki ba da magani yadda aka ce, kada ki tsayar da kanki, ki koma ranar da aka sa. Sannan ki sa ido: murmushi wajen wata 2, riƙe wuya wajen wata 4, zama ba jingina kafin ya wuce wata 9, tafiya kafin ya wuce wata 18. Ki duba ko yana juyowa in ya ji sauti, ko yana bin fuskarki da ido. In kin ga jinkiri, ko yana yawan zabura yana dunƙulewa sau da yawa a jere, ki koma asibiti. Gashin ƙashi da motsa jiki da aka fara da wuri suna taimakawa ƙwarai. Ki riƙa yi masa magana da wasa, ƙwaƙwalwa da haka take ginuwa.

Aikin ƙungiya

A taro mai zuwa, shugaba ta kawo waɗannan a tattauna. A yarda cewa jijjigar jariri na cikin abubuwan da asusun gaggawa ke fitar wa kuɗi nan take, ba sai ranar taro ba, a kuma san wadda za a buga wa ƙofa. Kowace mai ciki ta ware kuɗin mota tun wata na bakwai, ta nemi izinin maigida tun yanzu cewa ko ba ya nan za a fita. A ajiye lambar direba ko mai mashin guda biyu. Kun san halin da hanyoyinmu ke ciki da dare, don haka wadda ta taɓa shan wahalar haihuwa ta nemi masauki kusa da asibiti in watanta ya kama. Wadda kuma Allah ya jarrabe ta da yaro mai jinkiri, kada a bar ta ita kaɗai: a sa kuɗin komawa asibiti cikin lissafi, a riƙa leƙa ta. Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.