Lokutan Shekara da Kalmomin Noma a Tibirin Gobir

1. Asalin gari

Tibiri, ko Tsibiri a bakin mutanenta, tana arewa maso yammacin Maraɗi, tazarar kilomita 12 ko kusa da haka, a gefen Gulbin Maraɗi. Bayan da Alƙalawa ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808, Gobirawa sun daɗe ba su da mazauni tabbatacce. Sai bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa wannan gari, kusa da Katsinawan da suka riga su zama a Maraɗi. Saboda haka Gobiranci da Katsinanci suka zama maƙwabta a kwari guda.

2. Lokutan shekara

Manomin Tibiri ya kasa shekara kashi biyar. Bazara ita ce lokacin zafi, a Afrilu da Mayu, sa'ad da ma'auni yakan wuce digiri 40. Damina takan sauka a Yuni, ta yi ƙarfi a Agusta, ta ɗauke a ƙarshen Satumba. Ruwan shekara yakan kai milimita 500 ko kusa da haka, amma yana bambanta ƙwarai daga shekara zuwa shekara, kamar yadda farin 1973 da na 1984 suka nuna. Kaka ita ce lokacin girbi. Daga nan sai ɗari, da iskar hunturu mai ɗauke da ƙura, sa'an nan rani.

Ƙasar noma kuwa iri biyu ce. A jigawa, mai rairayi, ake shuka hatsi da wake da gujiya. A fadama, inda gulbi yake barin laka, ake shuka dawa da kayan lambu. Gulbin ba ya gudu sai da damina, amma shi ne ya cinye tsohon garin Maraɗi a ambaliyar 1945, har aka mai da gari kan tudu. A Jiratawa, kudu da Maraɗi, an shirya filin noman rani na kusan hekta 500 a farkon shekarun 1980, wanda ya sa aikin gona ba ya yankewa a can.

3. Abin lura ga masu tsara yaƙi da jahilci

Na farko, kalma. A wannan yanki hatsi na nufin gero kai tsaye, gujiya kuma ita ce gyaɗa, alhali a Kano gujiya wani abu ne daban. Littafin da bai kula da wannan ba zai sa mai koyo ya karanta daidai amma ya fahimci akasin nufin marubuci. Haka nan lokuta huɗu na Faransanci ba su dace da biyar na Hausa ba, don haka bai kyautu a fassara su ɗaya bayan ɗaya ba.

Na biyu, lokaci. Da ruwan shuka ya sauka aji yakan watse, domin kowa ya nufi gona. Bayan kaka kuma samari da yawa sukan tafi cin rani. Ajin garuruwan jigawa ya fi dacewa ya fara da zarar an kai hatsi rumbu, ya ƙare kafin sassabe. A Jiratawa kuwa, inda rani ma lokacin aiki ne, wajibi ne a shawarci ƙungiyar manoma kafin a tsai da ranaku da sa'o'in karatu.